Batir na Uku

Batir na uku ke nan da Kyaftin ya saya cikin wata biyar, kuma shi ma ya bi sahun 'yan'uwansa. Da safe a murɗa makulli, sai inji ya yi ƙas-ƙas-ƙas, ya yi shiru. Ran da ya ga dama ya tashi, a tsallaka da fasinja lafiya lau, a kashe a ƙetare, a zo dawowa ya ce shi bai san zancen ba. Sau biyu ana janyo jirgin da igiya, mutane a ciki suna salati, Kyaftin kuwa yana zaune a baya yana tsine wa masu yin batirin zamani.

Ba wata hukuma ce ta ba shi sunan Kyaftin ba. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana fito a kogin nan, tun ana tura jirgi da gora har aka zo zamanin inji, kuma rabin matuƙan da ke bakin ruwan a hannunsa suka koya. Amma hakan bai hana shugaban masu fito zuwa ya durƙusa a gabansa ba, ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi: idan jirgin ya sake ƙin tashi da mutane a ciki, dole a cire shi daga layi.

Surukin Kyaftin, mijin babbar 'yarsa, mai gyaran wutar mota ne, mutum mai sanyin hali wanda ya fi sakewa da wayoyi a kan mutane. Matarsa ce ta tsare shi yana shirin fita shago.

"Ka je ka duba wa Baba jirgin nan. Idan suka cire shi daga layi, zaman gida kaɗai ya isa ya kwantar da shi."

"Sau biyu ina yi masa tayi. Cewa ya yi jirgi ba mota ba ne."

"To kar ka yi tayi. Ka ɗauki jakarka ka je, ka ce hanya ce ta biyo da kai."

"Hanya ta biyo da ni bakin kogi, da mitar auna wuta a hannu?"

"Kai dai ka je mana."

Bai je ranar ba. Abin da ya fara yi shi ne ya sa ta ɗauko masa batura biyun da mahaifinta ya yar a bayan ɗaki. Ya kai su shago, ya goge su, ya duba ruwansu, ya ɗora su a caji. Da suka cika ya ajiye su kwana biyu bai taɓa ba, ya sake aunawa, ko kaɗan ba su sauka ba. Ya ɗaura ɗaya a wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ke jiran gyara, bugu ɗaya ta tashi. Na biyun ma haka. Ya tsaya yana kallonsu. An zage su, an tsine musu, an jefar da su cikin ciyawa, alhali ba su da laifin komai. Ashe ɓarawon wutar yana cikin jirgi.

Washegari da hantsi ya isa bakin ruwa. Jirage bakwai ne a jere, kowanne ɗaure da turkensa, ana ta loda buhuna da babura. Ya hango Kyaftin yana gangarowa, ya turo batir a baro. Al'adar masu fiton wurin ce kowa ya cire batirinsa da yamma ya tafi da shi gida, saboda ɓarayi da laimar kogi, da safe ya mayar. Kyaftin ne ma ya fara ta, kuma bai taɓa yarda wani ya ɗaura masa nasa ba. Sufanarsa a ɗaure take da zare a jikin akwatin batir, ta sha hannu har ta yi sheƙi.

Surukin ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ita ta turo ka," in ji Kyaftin, ba tare da ya dube shi ba.

"Hanya ce ta biyo da ni, Baba."

"Hanyar nan taka ta iya zaɓen rana. To tunda ka zo, tsaya ka ga ikon Allah."

Surukin ya taimaka aka ɗora batirin a mazauninsa, sannan ya ja baya. Kyaftin ya zura wayoyin biyu a kawunan batir, ya kama noti da sufana, ya murɗa, ya murɗa, ya yi nishi, ya ɗan buga kan da gindin sufanar kamar yadda ya saba. Ya murɗa makulli. Ƙas-ƙas-ƙas.

"Ka ji ko? Sabo fil fa. Ko wata bai yi ba."

"Baba, a ba ni izini in ɗan taɓa."

Kyaftin ya ɗaga kafaɗa. Surukin ya ɗora mita a kan batirin kansa, ya ga wuta ta ragu amma ba ta kai ta hana inji tashi ba. Ya kai hannu kan maƙalin jar waya, ya ji shi da ɗumi. Ya kama shi da yatsa biyu, sai ga shi yana juyawa. Ya zare shi ya duba ciki: baƙin tabo ne zagaye, inda wuta ta yi ta tartsatsi tana neman hanya. Ɗaya wayar ma haka take. Ta irin wannan sakakken ɗauri wuta ba ta fita yadda za ta juya inji, kuma idan inji na aiki cajin ba ya komawa, ga girgizar ruwa tana ƙara sassauta shi. Kowane batir aka kawo, a hankali zai tsiyaye.

Ya goge kawunan da samfefa har suka yi fari, ya mayar da wayoyin, ya ɗora sufana a kan notin da tsohon ya ɗaure da nishi. Ya murɗa. Notin ya tafi zagaye ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Ya saci kallon hannun daman Kyaftin da ke kan gwiwa, ya ga yatsun sun ɗan lanƙwashe, babban yatsan yana rawa kaɗan-kaɗan. Shekara goma sha biyar yana gaisawa da mutumin nan kansa a sunkuye, bai taɓa duban hannunsa ba.

Bugu ɗaya inji ya tashi. Mita ta nuna caji na shiga yadda ya kamata. Matuƙan da ke kusa suka yi shewa, wani ya ce ashe dai jirgi mota ne.

Kyaftin bai yi dariya ba. "Me ka yi masa?"

"Ɗan datti ne, Baba. Na goge."

"Kashe shi. Kwance notin nan."

"Na'am?"

"Kwance, ka miƙo min sufanata."

Ya yi yadda aka ce. Kyaftin ya durƙusa, ya kama sufanar, ya murɗa da iya ƙarfinsa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya saki, yana haki.

"Taɓa."

Surukin ya so a ce ƙasa ta tsage ya shige. Ya kai yatsa biyu, ya yi niyyar ya yi kamar ya gwada ya ce ya ɗauru. Amma idon tsohon na kan yatsunsa. Ya murɗa a hankali, maƙalin ya juya. Tausayi ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji wa surukinsa ba, don mutum ne da ake jin tsoro, ba a saba tausaya masa ba.

"Baba, abu ne mai sauƙi," ya ce da sauri, yana sake ɗaure notin. "Akwai wani irin maƙali da ba ya son sufana, danna shi kawai ake yi. Gobe zan kawo. Ko kuma kullum in biyo da safe in ɗaura, ai ba nisa."

Ya tayar da injin, don dai a samu ƙarar da za ta cike shirun. Layi ya zo kan Kyaftin, fasinja sun fara shiga: mata uku da kwanduna, wata ma'aikaciyar asibiti tana duba agogo, wani magidanci da 'ya'yansa biyu ya zaunar da su a tsakiya.

Kyaftin ya zauna a gurbinsa, ya ɗora hannu a kan sandar tuƙi. Ya daɗe yana kallon tsakiyar kogi, inda ruwan ke murɗawa.

"Noti ka ce za ka ɗaure min," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan fa, wa zai riƙe min ita? Ranar Laraba ta kufce min a can tsakiya. Na ce ruwa ne ya yi ƙarfi. Ruwan nan na san shi, bai ƙara komai ba."

Surukin ya juya ya dubi injin. Ya zo ne ya ceto wa tsohon layinsa, kuma ga shi ya gyara, inji na kaɗawa sumul yadda bai yi ba cikin wata biyar. Da ya bar abin yadda yake, da Kyaftin ya sauka yana zagin batir, ba wanda ya san hannunsa ne ya gaza. Bai san ko alheri ya yi ba.

Kyaftin ya miƙe tsaye. "Jama'a, ku yi haƙuri, ku koma jirgin baya."

Aka fara gunaguni. Shugaban masu fito ya taho da sauri. "Ai ya tashi, Kyaftin! Kowa ya ji ya tashi!"

"Ni ma na ji."

Ya jira har magidancin ya sauke yaransa, har mace ta ƙarshe ta ɗauke kwandonta. Sannan ya kai hannun hagu ya kashe injin. Surukin ya sunkuya yana tattara kayan aikinsa ɗaya-ɗaya, don kada su haɗa ido.

"Idan ka koma," in ji Kyaftin, "ka ce mata batirin lafiyarsa ƙalau. Sauran ka bar min, ni zan faɗa mata da bakina."