Bagaruwar Majema

Mode majemi ne, a bayan Ƙofar Rini yake sana'arsa. Tun yana yaro hannunsa ya rine da ruwan jima, fatar jar akuya kuwa yana iya gane mai kyau da shafa kawai. Noma ne bai sani ba. Gonar da ubansu ya bar musu a wajen Arkilla, ƙanensa Tukur ke nomawa, duk kaka ya ɗoro wa jaki rabon Mode ya kawo masa har gida.

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin soja ta kama gine-gine a ko'ina cikin Sakkwato. Motocin tifa suka samu wurin ɗibar yashi dab da gonar, suka yi ta kwasa har suka bar rami mai zurfin tsayin mutum biyu, sannan suka koma wani wuri. Da damina ta sauka, ruwa ya samu hanya. Duk ruwan da aka yi sai bakin ramin ya zabtare, ya tafi da kunya biyu ko uku na gero. Cikin shekara biyu kwazazzabo ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Tukur ya samu wansa a majema.

"Yaya, gonag ga ta ƙare. Ni Ikko za ni, an ce ana ɗaukar masu gadi."

Mode ya wanke hannu, ya ce su zagaya baya. A nan ne majema suke zubar da 'ya'yan bagaruwa idan sun daka ɓawon sun tankaɗe. Shekara da shekaru ana zubawa, har wurin ya zama kurmi a bakin wata hanyar ruwa.

"Dubi gaɓag ga," in ji Mode. "Tun ina yaro ruwa ka dukanta, ba ta taɓa faɗuwa ba. Can gaba da babu icce, dubi yadda ta rushe. Ni ban san noma ba, amma wanga na gani da idona."

Tukur ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Amma ya ji nauyin wansa, ya yarda ya ƙara shekara guda.

Shekarar farko ba su samu komai ba. Sun watsa 'ya'yan bagaruwa buhu biyu a bakin kwazazzabon, rabi ruwa ya kwashe, ɗan abin da ya tsiro awaki suka cinye. Tukur ya ƙulle kayansa. Mode ya rufe aikinsa kwana goma, abin da bai taɓa yi ba ko da rasuwa, ya tare a gona. Suka sari ƙaya suka yi shinge. Suka kafa turaku a cikin kwarin, suka datse da karan dawa da duwatsu don ruwa ya rage gudu. Mode ya jiƙa 'ya'yan bagaruwar a ruwan zafi, saboda ya lura waɗanda suka kwana a ruwan jima sun fi saurin tsira. Ya kuma riƙa lodo gashin fata da dusar jima a mangala yana kaiwa gona. Maƙwabta suna toshe hanci idan ya wuce, wasu suna cewa majemi ya zo jeme ƙasa. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi.

Damina ta uku bagaruwar ta kai ƙugu. Bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka yi cikin watan Agusta, Tukur ya je gona da sassafe. Bakin kwarin na nan inda yake. A bayan kowace datsiya kuma laka ta kwanta baƙa wuluk. Ya durƙusa ya damƙi lakar, ya daɗe bai tashi ba. A wannan shekarar ya shuka wake a cikin kwarin da kansa.

Bayan kaka, wani malamin gona ya tsaya da motarsa, ya zagaya wurin yana rubutu.

"Wane shiri ne na gwamnati ya yi muku wannan aiki?"

"Ba shiri ba ne," in ji Tukur. "Yayana ne. Majemi ne a Ƙofar Rini, Mode sunanshi. Rubuta da kyau."

Kafin bazara manoma bakwai daga Arkilla suka zo majema da buhunansu neman 'ya'yan bagaruwa, har da waɗanda suka toshe hanci. Mode ya fito hannunsa na ɗigar ruwa, ya cika wa kowa, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya bayyana musu yadda za su jiƙa da tazarar da za su bari, a tsanake, kamar wanda ya gaji noma. Sauran majema suka bar aiki suka tsaya suna saurare, babbansu yana gyaɗa kai. Da baƙin suka tafi, babban nasu ya sa aka ajiye wata tsohuwar randa a ƙofar majema don tara irin, ya ce daga yau kada wanda ya sake zubar da 'ya'yan bagaruwa a juji.