Jan Zakaran da Ya Haura Katanga

Sara tana tsugune gaban roba tana fige zakara na huɗu, sai ta ji muryar mijinta Dawuda daga bayan tankin ruwa.

"Na kama shi! Ja'iri, yau sai ka faɗa mini wanda ya aike ka!"

Jan zakaran nan ne da ya tsinke igiya da sassafe ya haura katanga. Guda biyar ta sayo saboda liyafar 'yarsu Lilian, wadda ta gama makarantar koyon aikin jinya, kuma kamar kullum ta aika aka kira maƙwabcinsu Malam Garuba ya zo ya yanka. Haka ake yi a layinsu na Maitumbi. Kirista in zai yi girkin da maƙwabta Musulmi za su ci, ba ya sa wuƙa da kansa. Malam ya yanka huɗu, aka nemi na biyar sama da ƙasa aka rasa, shi kuma motar Wushishi tana jiransa, yana da cinikin shanu. Ya wanke wuƙarsa ya ce sai gobe.

Kafin Sara ta goge hannu ta zagaya, an riga an gama. Dawuda yana tsaye da singileti yana haki, wuƙar yankan doya a hannunsa, zakaran yana shure-shure a ƙasa.

"Baban Lilian! Me ka yi haka?"

"Me kika gani? Tun ɗazu nake bin sa cikin masarar mutane. Dubi ƙafata."

"Ka san su Maman Farida, matar Malam, ba sa cin yankanmu."

"Akwai wani malami a ofishinmu, da bakinsa ya ce mini ya halatta."

"Malamin ofishinku ne zai ci? Su dai ba sa ci."

"To ki dafa shi daban mana. Tukunya ta ƙare a gidan nan?"

Ya miƙa mata wuƙar ya wuce wanka, irin wucewar namijin da ya gama nasa aikin na ranar. Ta fige zakaran nan bayan tanki, ta yayyanka shi, ta zuba a wani shuɗin kwano ta ajiye gefe. Har ga Allah niyyarta ke nan, ta dafa shi shi kaɗai, su cinye a gida ranar Lahadi bayan an taso daga coci.

Amma ranar ta zo mata a karkace. Gas ya ƙare tana tsakiyar tafasa nama, ya rage saura murhun gawayi guda ɗaya. Cincin yana murje ba a soya ba, shinkafa tana jiran wuta, zoɓo bai huce ba. Lilian da ake yi dominta tana wurin gyaran gashi tun safe. Matan zumunta na cocinsu kuwa sun ce da la'asar za su iso, kuma Sara ta san su, ba sa makara in da abinci. Ta ɗaga murfin babbar tukunya, ta ga naman ya sha wuta ya tsuke, kamar ba zai kai ko'ina ba. Ta dubi shuɗin kwanon. Ta dubi ƙofar gida.

Ba mantuwa ta yi ba, kuma wannan ne ya fi cin ta daga baya. Tana sane ta juye kwanon cikin tukunyar, ta ƙara citta da tafarnuwa, ta juya sosai ta rufe. Ta ce wa kanta nama nama ne, in ya sha yaji ko wanda ya kiwata shi ba zai gane shi ba.

Bayan azahar Adama ta yi sallama, babban kaskonta a ka, matsami a hannu. Ita ce Maman Farida, matar Malam Garuba, kuma a duk layin ba wanda ya kai ta iya suya. Tun da suka zama maƙwabta ba a taɓa yin biki a gidan ɗaya ɗayar ba ta ɗaura zani ta shiga madafa ba.

"Maman Lilian, sannu da fama. Ina amaryar asibitin?"

"Tana can ana ƙona mata kai. Zauna, ga kujera."

Adama ta ɗora kasko ta zuba mai, ta fara tsamo naman daga romo. "Af, Malam ya ce ɗaya ya gudu. An same shi kuwa?"

Sara tana yanka albasa, ta ji bakinta ya riga ta. "Ina fa. Ya tafi abinsa."

"Ayya. Wani ya samu naman sati ke nan."

Suka yi dariya tare, ta Sara ta fi ƙarfi. Mai ya yi zafi, nama ya shiga da ƙara, ƙamshi ya cika tsakar gida. Da kwashin farko ya fito, Adama ta yi abin da ta saba, ta tsinci ƙundu ta hura ta jefa a baki. Haƙƙin mai suya ne, ba wanda ya taɓa yi mata gardama a kai. Sara ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallon bakin yana motsi. Ƙundu biyar ne a tukunyar, ba ta san ko na wanne ne wannan ba. Maganar ta taso har maƙogwaronta, ta haɗiye ta, ta ce albasar nan da yaji take.

"Kin ga kuwa," in ji Adama tana lasar yatsa, "romon nan kada ki zuba shi duka a shinkafa. Inna ce ta aiko ni. Tun da aka sallamo ta daga asibiti ba abin da ke shiga bakinta, ko fura sai an yi da gaske. Yau da ta ji ƙamshi ta katanga sai ta ce, a ce wa Saratu ta ɗibar mini romo da ɗan fiffike."

Sara ta ajiye wuƙar. Inna mahaifiyar Malam ce, tsohuwa mai tsantseni. Lokacin da ta baro ƙauye ta dawo wurin ɗanta, ko ruwan gidan Sara ba ta sha, in an kai abinci sai ta yi godiya ta ture wa jikoki. Sai wata Kirsimeti da Malam ya yi tafiya, Sara ta ja akuyarta da igiya har bakin masallaci, ta tsaya cikin rana tana jiran a idar da salla ta samu mai yanka. Labari ya kai kunnen Inna. Ranar ta ci tuwon gidan da naman, ta kuma raɗa mata suna Saratu, ta ce wannan yarinya ba ta ha'inci.

"Zan ɗibar mata," Sara ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Adama ta ɗauki robar ruwan wanke-wanke ta zagaya bayan tanki don ta zubar. Ta ɗan jima. Da ta dawo ta zauna ta ci gaba da suya, sai dai hirar ta ragu. Sara ta miƙa mata cincin mai zafi, ta ce ta ƙoshi. Aka kwashe nama na biyu, ga ƙundu a sama yana sheƙi, ba ta kai hannu ba. Sara ta lura, amma hankalinta yana kan shinkafa, ko kuma ta fi so ya tsaya a can.

Da aka gama Adama ta miƙe ta kife kaskonta.

"Tsaya in zuba miki na Inna ki tafi da shi."

"Hannuna duk mai ne. In kin samu sarari ki kawo da kanki, za ta ji daɗin ganinki."

Liyafa ta yi kyau, ba wanda zai ce ba ta yi ba. Matan zumunta suka rera waƙar godiya, fasto ya sa wa Lilian albarka, Dawuda ya yi jawabi mai tsawo da babbar riga kamar shi ya zauna jarrabawar. Kowa ya yabi naman. Wata ma ta ce a ba ta sirrin haɗin, Sara ta yi murmushi ta ce ba wani sirri. Ita kam ko loma ɗaya ba ta iya kaiwa baki ba. Duk wanda ya ce mata sannu da ƙoƙari sai ta ji kunya ta rufe ta.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ta shiga madafa ta ɗauko kwanon sha mai murfi, wanda take kai wa Inna abinci a ciki. Ta ɗumama romon ta zuba, ta sa fiffike biyu. Ta ce wa kanta tsohuwar ba ta da lafiya, romon zai yi mata amfani, kuma ba za ta taɓa sani ba. Ta yafa gyale ta fita.

Tsakanin ƙofarta da ta Malam ba nisa, amma ta daɗe kafin ta isa. Kwanon yana ƙona mata tafin hannu, ba ta sauya riƙo ba. Ta yi sallama a hankali. Adama ta fito ta tsaya a bakin zaure, ta dubi kwanon, ta matsa gefe ta ba ta hanya.

Sara ta sa ƙafa ɗaya a dokin ƙofa, sai ta tsaya.

"Maman Farida." Sara ta ɗago kai. "Zakaran nan an kama shi. Baban Lilian ne ya yanka. Ni kuma na haɗa shi da sauran a tukunya ɗaya. Ƙarya na yi miki."

Adama ba ta yi mamaki ba. Ta gyara ɗaurin zaninta.

"Na sani. Na ga jan gashinsa a bayan tanki, da jinin."

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Ke me ya sa ba ki yi ba? A gabanki na ci ƙundu, Sara. Kina kallona."

Ba ta taɓa kiranta da sunanta haka tsirara ba. Sara ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga kan murfin kwanon.

"Na so in gani ne," Adama ta ce a hankali, "ko za ki wuce ni da shi ki kai mata."

Daga can cikin ɗaki wata siririyar murya ta taso, da ƙyar take fita.

"Adama, wa ke nan? Saratu ce? Ta kawo mini?"

Matan biyu suka dubi juna. Sara ta buɗe baki, Adama ta ɗaga mata hannu.

"Ita ce, Inna," ta ce da ƙarfi yadda tsohuwar za ta ji. "Gaishe ki ta zo yi. Romon ya ƙone a wuta, sai gobe in Malam ya dawo za ta yi miki sabo."

"Ayya, ba komai. Ce ta shigo, 'yar amana."

Adama ta juya ta yi gaba, ba ta waiwayo ba. Sara ta sunkuya ta ajiye kwanon a waje, gefen dakali, ta goge fuskarta da bakin gyale. Sannan ta cire takalmi ta bi bayanta hannu wofi.