Datuk Zai Sauko da Safe

Shekara shida Kamarul yana lallaɓar matarsa Normah ta bi shi kwanan daji, sai bana da ya yi ritaya ta yarda. Shi ma da sharaɗi: kwana ɗaya tak, kuma in wani abu ya tsorata ta, ko matsattsaku ne, to an gama, ya sayar da tantin. Shi kuwa ya gaji da soya kifi shi kaɗai, ba mai ce masa gishiri ya yi yawa.

Jirgin ruwa ya sauke su a gandun dajin jiha, bakin tafkin Temenggor. Komai ya tafi daidai. Normah ta tsoma ƙafa a ruwa, ta kama kifi biyu shi bai kama ko ɗaya ba, ta yi ta yi masa tsiya har la'asar. Ana nan sai ga wani dattijon ma'aikacin gandun, ya gaishe su, ya rage murya.

"Datuk yana saukowa bakin ruwa da sassafe. Kada ku yi hayaniya, kada ku bar abinci a waje."

Kamarul ya gane nan take. A dajin ƙasar nan ba a kiran giwa da sunanta, sai dai a ce Datuk don girmamawa. Normah kuwa 'yar birni ce, Datuk ɗin da ta sani shi ne mai sarauta, mai direba da 'yan rakiya. Nan take fuskarta ta washe.

"Abang," haka take kiran mijin, "ashe manya ma suna zuwa nan? Shi ne ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Suna zuwa," in ji shi, yana kallon igiyar tanti. "Manya sosai."

Ya san ya kamata ya gaya mata. Ya kuma san in ya gaya mata, kafin magariba suna cikin jirgi. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, kamar yadda mazan da suka daɗe da aure suka ƙware.

Da aka idar da sallar asuba Normah ta hura wuta. Ta dafa shinkafa da madarar kwakwa, ta soya ƙananan kifi da gyaɗa, ta haɗa shayi mai kauri. Ta ɗaura sabon ɗankwali, ta ce shi ma ya cire wannan wandon nasa mai ƙarnin kifi, kada ya ja musu abin kunya. Ai ba a tarbar babban mutum hannu sake, ko me ma'aikaci ya ce.

Rana na ɗagowa, itatuwa suka motsa a ɗaya gaɓar, inda tafkin ya tsuke. Toron giwa ya fito a hankali, ya shiga ruwa har gwiwa, ya zuƙa ya watsa a bayansa. Normah ta tsaya cak da faranti a hannu. Kamarul ya tsorata ƙwarai, amma ba giwar yake tsoro ba.

"Abang," ta ce cikin raɗa. "Wannan ne Datuk ɗin?"

"Shi ne."

"Kuma ka sani tun jiya?"

"Na sani."

"Ka bar ni na ɗaura wa giwa sabon ɗankwali."

Sai ya ga kafaɗarta na rawa, ya zaci kuka ne, ashe dariya take dannewa da gefen ɗankwalin don kada Datuk ya ji. Ta zauna a tabarma, idonta bai bar dabbar ba har ta gama wankanta ta koma cikin kurmi. Sannan ta tura masa farantin.

"Ci rabon baƙo, tun da bai tsallako ba. Gobe ma yana zuwa?"

"Wai kusan kullum."

"To in ka gama, je ka ce wa mai jirgi ya dawo jibi."