Barewar da Baba Ya Harba

Shekarar da na karɓi gonarmu daga hannun Baba, abin da na fara yi shi ne hana shi yanke ciyawar bakin ƙorama. Eka ɗari uku da ashirin gare mu a arewacin jihar Missouri, rabi masara da waken soya, rabi kurmi da kwazazzabai. Tun zamanin kakana ba a taɓa barin ciyawar nan ta wuce gwiwa ba. Ni na ce a bar ta ta yi duhu, barewa ta samu wurin kwana.

Ban tsaya nan ba. Na sassare ƙananan itatuwa na kwantar da su suka zama sarƙaƙiya. Na ware eka arba'in a tsakiyar kurmin na ce ko ni ba zan sake taka ƙafa ciki ba. Na bar waken soya eka biyar ba girbi, don dabbobin su samu abin ci lokacin dusar ƙanƙara, na kuma ɗaɗɗaura kyamarori a jikin itatuwa. Daga ƙarshe na zauna da maƙwabta uku muka yi yarjejeniya: macen barewa kowa ya harba gwargwadon abin da lasisinsa ya ba shi, amma namiji ba mai taɓa shi sai ya kai shekara biyar. Barewarmu mai farar wutsiya ba ta nuna irin ƙahon da ke jikinta sai ta manyanta, mu kuwa tun suna shekara biyu muke kashe su.

Baba, wato Orval Tuttle, shekararsa saba'in da shida a lokacin. Ya saurare ni har na gama, ya kurɓi kofi, ya ce, "To, malam mai doka. Ni dai shekara sittin ina farauta, ban taɓa ganin uwarka ta dafa ƙaho ba."

Amma ya bi dokar. Shekara uku a jere yana shiga ɗan ɗakinsa na katako da ke gefen gonar wake, inda yake fakon barewa, ya wuni, ya dawo hannu rabbana. In na tambaye shi sai ya ce, "Na ga wani, yaro ne, na bar shi ya wuce." Har alfahari nake da shi wurin Hollis Greer, maƙwabcinmu na gabas, ina cewa tsohon da ya fi kowa gardama shi ya fi kowa haƙuri.

A shekara ta huɗu wani namiji ya bayyana a kyamarorinmu. Kunnensa na hagu a tsage yake, don haka muka sa masa suna Tsagagge. Shekararsa uku kacal, amma ƙahonsa rassa goma sha biyu, faɗinsa ya wuce kunnuwa nesa. Hollis da ya ga hoton sai da ya cire hula. Ya ce, "Wade, in wannan ya ƙara shekara biyu, har daga wata jiha za a zo kallonsa." Na buga hoton a takarda na raba wa kowa, na liƙa ɗaya a jikin firij ɗin Baba, na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: KADA A HARBA.

Ranar buɗe farauta, Asabar ta biyu a Nuwamba, ina kan itacen da nake fako da misalin ƙarfe takwas na ji ƙarar bindiga daga wajen gonar wake. Harbi ɗaya. Na san muryar tsohuwar bindigar Baba, na ce a raina mace ya samu, har na yi murmushi. Can wayata ta yi ƙara.

"Wade! Zo da mota! Zo ka gani!"

Rabon da in ji muryarsa haka tun Mama tana da rai.

Na haɗu da Hollis a hanya muka tafi tare. Muka tarar da Baba tsaye cikin karan wake, hularsa a karkace, yana dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. A gabansa dabbar na kwance. Tun kafin in kashe mota na hango kunnen.

Abin da na faɗa masa ba zan iya maimaita shi duka ba. Na tuna na ce shekara huɗu na wahala ya zubar da harsashi ɗaya. Na tuna na ce, "Hoton yana jikin firij ɗinka, Baba! Kullum da safe kana buɗe shi! Ko makaho ne kai?" Na ce da gangan ya yi, don tun farko bai so tsarin ba. Hollis yana jan hannun rigata yana cewa, "Haba, Wade, ya isa," ni kuwa sai ƙara ɗaga murya nake, don a gaban Hollis ɗin ne abin ya fi yi min zafi. Ni na kafa doka, gidanmu aka fara karya ta.

Dariyar ta bar fuskar Baba a hankali. Ya sunkuya ya shafa ƙahon, ya bi rassan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya kama kunnen ya murza.

Ya ce, "Shi ne ashe."

Ya zaro wuƙarsa ya durƙusa ya fara farke cikin, ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Da yamma ya goge bindigar ya sa a kabad, bai sake fita ba har lokacin farauta ya wuce.

Kwana shida ba mu yi wata maganar kirki ba. Ina kai masa itacen wuta, ya ce na gode, in ce ba komai. A kwana na bakwai, gab da faɗuwar rana, wani namiji ya fito min daga cikin sarƙaƙiyar da na yi da hannuna. Wuyansa a kumbure, ƙirji kamar na bijimi, ƙaho mai kauri. Akwai wani tsoho a hotunanmu mai shekara shida, na ce shi ne. Gaskiyar magana ban tsaya na duba da kyau ba. Haushi ne cike da cikina, ina so in nuna wa kowa yadda ake yi. Na harba.

Da na isa kansa na ga ba tsohon ba ne. Ƙafafunsa dogaye, bayansa a miƙe, fuskar siririya. Na buɗe bakin na haska haƙoran, kaifinsu yana nan ko lashewa bai fara ba. Shekara uku, sa'an Tsagagge. Na zauna a ƙasa kusa da shi har sanyi ya ratsa wandona.

Washegari na rataye shi a rumfar injuna, inda muke fiɗa. Niyyata in cire muƙamuƙin in jefa kwazazzabo kafin kowa ya zo, sai ga motar Hollis, sai ga Baba ya fito da wuƙaƙensa, don duk fushin da yake yi ba ya barin kowa ya yanka nama ba ya nan. Cewa yake mu ɓata nama muke yi.

Hollis ya zagaya dabbar yana sosa haɓa. Ya ce, "Yana da kyau, amma jikin nan kamar bai gama cika ba. Dattijo, kai ne masanin haƙori, duba mana."

A duk yankinmu Baba ake kawo wa muƙamuƙi. Ya sa babban yatsansa cikin bakin ya bi turamen haƙoran, bai ko sunkuya ya kalla ba. Ya daɗe yana shafawa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da igiya.

Ya zare yatsan ya goge a wando. Ya ce, "Biyar. Raɓar da ya sha wajen bin mata ce ta ramar da shi."

Hollis ya ce, "To, in kai ka faɗa ai shi ke nan." Ya buga min kafaɗa ya yi min barka. Baba ya yanke muƙamuƙin da kansa ya jefa cikin bokitin kayan ciki, ya ɗauki bokitin ya yi bayan rumfa. Ko inda nake bai kalla ba.

Ranar Lahadi bayan coci yayata Darlene ta tare ni a wajen ajiye motoci. Labarin abin da na yi a gonar wake ya riga ya kai mata, matar Hollis ba ta ajiye magana.

Ta ce, "Kai dai ba ka da kunya. Makaho ka ce masa?"

Na ce, "Bakina ne ya suɓuce. Amma ke ma kin san hoton..."

"Wane hoto? Wade, idonsa na dama ya mutu shekara uku ke nan. Na hagun ma tsakiyarsa ta fara duhu. Ni nake kai shi wurin likita a garin Kirksville duk bayan wata biyu, kai kana can kana sauya wa kyamara batir. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya maka ba, wai za ka karɓe masa makullin mota."

Na jingina da motar wani. Ta ci gaba. Ta ce duk waɗanda yake cewa ya bari sun wuce, babu wanda ya bari, bai gan su ba ne. Wuni yake yi a ɗakin katako yana jin motsinsu cikin ganye. Ta ce damina guda yana zuwa gidanta, can bayan rumbu, yana koyon harbi da kafaɗar hagu a kan gwangwani, tsoho mai shekara kusan tamanin, har kafaɗar ta yi baƙi. Ranar nan dabbar ta zo ta tsaya masa taku ashirin, rana a bayanta, ya ga ƙaho ya cika sararin da idonsa ke iya gani. Shi duk zatonsa irin wanda kake so ne, ta ce. Shi ya sa kai ya fara kira.

Ban koma gida ba. Na wuce gidan Baba kai tsaye da kayan coci a jikina. Na same shi a kicin yana niƙa nama da kitsen shanu, ya ɗaura tsohon ƙyallen Mama a ƙugu. Hoton yana nan jikin firij. Na tsaya ina kallon manyan baƙaƙen da na rubuta.

Na ce, "Baba, na jiya shekararsa uku."

Ya ce, "Na sani."

"Me ya sa ka ce biyar?"

"Miƙo min gishiri." Na miƙa masa. Ya barbaɗa, ya cuɗa da hannu. "Hollis mutumin kirki ne, amma ƙaninsa da ke cikin yarjejeniyar nan jira yake ya samu dalili ya fita. Tsoho ya yi kuskure, za a ce tsufa ne. Kai in ka yi, ta watse. Kuma ni ban ce tsarinka banza ba ne. Wanda na harba ban taɓa taɓa irinsa ba tun da nake."

Na ce, "Darlene ta gaya min."

Hannunsa ya tsaya cikin kwano. "Wannan yarinya, bakinta kamar na uwarta."

Na shirya kalmomi da yawa a mota, duk suka gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ka yafe min, Baba."

Ya ce, "Kai ma ka ji haushi ne. Wanke hannu ka riƙe min bakin injin nan, yana zamewa."

Na wanke, na riƙe. Muka yi awa biyu muna aiki, yana faɗa min inda nake yin ba daidai ba. Ya yafe, na san ya yafe, amma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sati biyu bayan haka na je na gaya wa Hollis gaskiya. Ya ce shi ma ya yi zargi, kuma ba zai faɗa wa ƙaninsa ba. Yarjejeniyar tana nan har yau. Bara Hollis ya samu mai shekara shida, aka taru aka yi hoto.

Shekara guda bayan Tsagagge, da Nuwamba ta sake zagayowa, na gyara ɗakin katakon, na sa kujeru biyu, na sayi ɗan murhun gas. Na ce wa Baba mu zauna tare, ni in gani in faɗa masa, shi ya harba duk wanda ransa ya so, babba ko ƙarami.

Ya ce, "A'a. Ba zan zauna kana min raɗa a kunne kamar mai jinya ba. Bindigar ma na ba mijin Darlene."

"To ka zo ka zauna kawai."

"Gwiwata ba ta son sanyi. Je ka, in ka dawo akwai ƙwai da kofi."

Na tafi ni kaɗai. Da hantsi wasu barewa mata biyu suka fito suka yi kiwo cikin wake, wani namiji ɗan shekara biyu ya biyo su yana shinshina ƙasa. Daga inda nake ina hango hayaƙin kicin ɗinsa yana tashi. Na zauna har ƙarfe goma, na sauko na tafi cin ƙwai.