Ɗigon da Bai Motsa Ba

Hanus ne ke riƙe da sitiyari, wansa Sámal yana can bayan jirginsu na kamun kifi yana sakin mamari, doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Tun da hantsi hazo ya sauko kan mashigin teku, ya haɗiye tsibirai biyun da ke gefensa har da tumakin da ke kan duwatsunsu.

"Kai, direban talabijin!" Sámal ya ɗaga murya. "Me matarka ta biyu ke cewa? Muna ina?"

Haka yake kiran sabuwar na'urar da Hanus ya kafa a gaban sitiyari, mai sauraren taurarin ɗan adam ta nuna wurin da jirgi yake.

"Tana cewa ka sa rigar ceto, Yaya."

"In sa buhu a ƙirji, in yi aiki da me? Da haƙora?"

"Kuskuren na'urar nan ba ya wuce gaba biyu. Kai kuwa bara ka kai mu gonar ciyawar ruwa ka ce nan kifi yake."

"Kifin ne ya yi ƙaura, ɗan rainin wayo. Miƙo min busasshen naman nan kafin ka cinye."

Hanus ya sunkuya zai ɗauko naman, sai ya ji wani sauti gajere, ba ihu ba, kamar an fizge numfashin mutum. Da ya waiwaya, babu kowa a baya. Igiya na ta zuba cikin ruwa ita kaɗai. Ƙugiya ce ta kama hannun rigar Sámal ta tafi da shi.

Hannun Hanus ya riga tunaninsa. Ya danna jan maɓallin da aka yi domin irin wannan rana, ɗigo ja ya fito a allo, alamar wurin da abin ya faru. Ya ruga ya yanke igiyar don kada ta ci gaba da jan mutum ƙasa, ya dawo ya karya sitiyari. Jirgi mai nauyi ba ya juyowa da sauri. Kafin ya gama kewayowa, hazo ya rufe inda ya baro.

Bai dubi ruwa ba, allo ya duba. Na'urar ta ja masa layi miƙaƙƙe zuwa ɗigon, tazara na raguwa, har ta yi ƙara ta ce an iso.

Babu kowa.

"Yaya! Sámal!"

Ya kewaya ɗigon. Ya sake kewayawa. Ya kashe inji ya kasa kunne, bai ji komai ba sai ruwa na lasar cikin jirgi. Da ya ga jirgin na zamewa daga ɗigon, ya tayar da inji ya koma kansa. Sannan ya ɗauki oba-oba ya kira masu ceto, ya karanta musu lambobin wurin ɗaya bayan ɗaya.

Wata mata ce ta amsa, muryarta a natse. "Na samu, Hanus. Jirginmu ya taso. Mai saukar ungulu ba zai iya tashi a hazon nan ba. Yanzu kana ina?"

"Ina kan wurin. Daidai kansa."

"Ruwa fa, ina ya nufa?"

Sai a lokacin ya leƙa. Ciyawar ruwa na wucewa ta gefen jirgi a guje, ta nufi arewa, kamar wadda aka kora. Hanus a mashigin nan aka haife shi. Ya san yadda ruwansa ke gudu idan ya juya, ya sani tun kafin ya iya ɗaura takalmi. Ɗigon yana kan ƙasan teku, ƙasan teku kuwa ba ta zuwa ko'ina. Wansa a cikin ruwa yake, ruwan kuma ya tafi. Duk lokacin da ya tayar da inji ya koma kan ɗigon, nesa da wansa yake ƙara yi.

"Bi ruwan," in ji matar. "Ka ji ni? Bar wurin nan."

Amma hannunsa ya ƙi. A duk faɗin farin nan, ɗigon ne kaɗai abin da ya sani tabbas. In ya bar shi, me ya rage masa? Ya tsaya yana kallonsa, har sai da matar ta kira sunansa da tsawa, sannan ya juya arewa.

Ya bi ruwa har inda mashigi ya buɗe, gudun ya rabu biyu, ya rabu uku. Jirgin ceto ya iso, wasu masunta ma suka fito, suka jera suna tafe a hankali suna busa ƙaho. Ba wanda ya yi maganar sanyin ruwan, kowa ya san abin da yake yi wa jikin mutum. Da la'asar sakaliya matar ta sake kira, ta ce a dawo gida, ba tare da an same shi ba.

Rannvá, matar Sámal, tana tsaye a bakin matsayar jirage, da rigar aikin gidan sarrafa kifi a jikinta. Ba ta yi kuka ba. Ta jira ya ɗaure jirgi, ya hau matakala.

"An ce ka danna abin," ta ce. "An ce ka san wurin."

"Na danna."

"Daidai wurin?"

"Daidai."

Ta gyaɗa kai, kamar an ba ta wani abu ta riƙe. "To gobe ka kai ni. Ina so in tsaya inda yake."

Hanus ya buɗe baki zai gaya mata batun gudun ruwan. Ya dubi hannayenta da suka yi ja saboda ruwan gishiri, ya dubi bakin mashigi inda hazo bai ɗaga ba.

"Zan kai ki," ya ce.