Saba'in da Biyu a Aljebra

Da takalmi ɗaya na fito, wallahi, goyo a baya, takardar sakamako a hannu, ina ta ƙwala kira tun daga ƙofarmu: "Malama! Malama, saba'in da biyu!"

Ni fa a aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya. Da na koma makarantar manya, sau biyu aljebra tana kayar da ni, aka ce in na faɗi na uku za a cire sunana. Shi ne na je wa maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar lissafi, da kukana.

Ko kallon amsar da na rubuta a littafina ba ta yi ba. Ta danne ta da yatsa ta ce, "Yi min da baki, ina jin ki."

Tambayar ita ce 3(x + 4). Na ce, "Uku sau x, sai in sauko da huɗu..."

"Tsaya nan, uwar rowa! Baƙi biyu ne a cikin bakan nan. Kin ba x ruwa, huɗu fa? Da ƙishinsa zai koma gida?"

Na ce, "Ni dai daƙiƙiya ce, Malama."

"Ƙarya kike. Kuskure ɗaya ne tak, kika yi shi sau ashirin."

Wata biyu muka yi a haka, ni ina surutu, ita tana kamo ni a layin da na kauce.

To, ranar sakamakon nan, na banka ƙofar falon Malama ina dariya. Sai na ga mata zazzaune a ƙasa, an kashe fanka, babu mai magana. 'Yarta ta taso ta riƙe min hannu.

"Yaya, yi a hankali. Mama ta rasu."

"Wace Mamar? Jiya fa ta yi min faɗa kan rubutuna!"

"Ɗazu da hantsi. Ta ce kanta na juyawa, ta ɗan kwanta, shi ke nan."

Innalillahi. Dariyar ma ba ta gama barin bakina ba.

"Sau uku tana aika ni in leƙa ko kin dawo daga karɓo sakamako," in ji 'yar. "Kin ci?"

Na ɗaga kai kawai. Ta rufe fuska da mayafi.

Na zauna a bakin ƙofa. Yarona ya farka a bayana, ya hango kujerar Malama a jikin taga, ya miƙa hannu yana buɗe tafi yana rufewa, yadda yake yi in yana so a ɗauke shi.