Sidin Mai Jar Tuta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, tun da Allah ya bar mu da kunnuwanmu.

To, a shekarun nan da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ma'aikatu na biyo ta ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan tsaki, babu abin da garin ke ci irin dutse. Gini nan, titi can, gada gaba. Tsakuwar kuwa da yawanta daga duwatsun Mpape ake farfaso ta. A wani kamfanin fasa dutse na nan akwai wani bawan Allah ana ce da shi Nababa, dogo, mara yawan magana, yana zaune da matarsa Hadijatu a ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a gindin tudu.

Nababa ya daɗe a kan injin huda dutse, irin mai girgiza mutum har haƙora. Da ƙarfinsa ya fara ja da baya sai Oga Godfrey, shugaban leburori, ya tausaya masa ya ba shi aikin tuta. Akwai 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa ta gefen ramin dutsen, masu talla da masu itace ke bi. In za a tayar da nakiya sai a busa usur daga can saman dutse, shi kuma Nababa ya ɗaga jar tuta ya tare hanya har a gama. Aiki ne na kunne, ba na ƙarfi ba.

To ga inda gizo ke saƙar: kunnen ne babu. Injin ya cinye shi a hankali, yadda gara ke cin azara. Da farko wani kuka yake ji kamar na gyare, ba dare ba rana. Daga baya maganar mutane ta koma kamar a ƙarƙashin ruwa ake yin ta, sai mai babbar murya ko wanda ya matso kusa. In ana hira a gindin mangwaro sai ya riƙa kallon bakuna, in ya ga haƙora sun fito shi ma ya yi dariya, a makare. Usur kuwa ya daɗe da daina jin sa. Ido yake sa wa mai busawa a kan dutse, da ya ga ya kai hannu baki sai ya ɗaga tuta.

Bai gaya wa kowa ba. A ƙauyensu akwai wani kurma da yara ke bi suna yi masa gwalo ta baya, manya kuma in za su yi masa magana sai ihu da nune-nune kamar ana korar akuya daga gona. Da Nababa ya tuna shi sai gumi ya karyo masa. Shi magidanci, ko furfura ɗaya babu, a ce da hannu ake yi masa magana? Gara ƙasa ta tsage ya shige.

Wata Asabar ya shiga kasuwar Wuse sayen takalmin roba, sai wani ɗan tebur ya kamo hannun rigarsa. Kafin ya ce uffan har an cusa masa iyafis a kunne, an ɗora masa 'yar na'urar sidi a tafin hannu, zagayayya, mara nauyi, irin ta China mai araha. Ɗan teburin ya murɗa ƙararta har ƙarshe.

Wayyo Allah! Garaya ce. Nababa ya ji tsirkiya, ya ji caki, har jan numfashin mawaƙin ya ji, kamar mutumin na zaune a cikin kansa. Rabonsa da jin wani sauti tar haka har ya manta. Ya tsaya a tsakiyar kasuwa ana bangazar sa, idonsa ya ciko. Ranar dai da tsohon takalminsa ya koma gida.

Abin araha kuwa kun san halinsa. In ya taka ƙasa da ƙarfi sai waƙar ta yi tuntuɓe, mawaƙin ya kama in'ina, saboda haka ya koma tafiya a hankali da ita a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙoƙon man shanu. Hadijatu ta ga abin ya yi yawa, ta ɗinka mata jaka da ƙyallen atamfa ya riƙa ratayawa. Ga cin batir kamar ba gobe. In sun yi sanyi sai Hadijatu ta shanya su a kan kwanon rumfa su sha rana, a samu su ƙara ja. Da yamma in ya dawo sai ya jingina da bango, ya lumshe ido, yatsansa na kaɗawa a gwiwa. Wannan jin daɗin nasa ne na halak, ba wanda ya isa ya ga laifinsa.

Amfani na biyu ne ya jawo masa. Wata rana limamin unguwa ya yi ta yi masa sallama a wajen mai shayi, shiru. Da Nababa ya waiwayo ya ga fuskar Malam a murtuke, sai ya ce a ransa yau asiri ya tonu. Sai ya ga mai shayi na nuna wayar da ke kunnensa yana dariya, mai shayin ya ɗaga murya ya ce, "Ƙyale shi, Malam, ba ya nan, yana gidan biki!"

Ashe laifin ya faɗa kan waya. Tun daga ranar iyafis bai sake barin kunnensa ba, da batir ko babu. Aka sa masa suna Oga Sidi. Aka ce ya yi girman kai, aka ce ya zama ɗan birni, liman har ya yi gugar zana a wa'azi kan masu toshe kunne da kiɗa. Abin na yi masa ciwo, amma ya auna ya ga wannan kunyar ta fi waccan sauƙin ɗauka. Oga Godfrey ya sha nuna masa kunne da yatsa yana harara. Sai ya cire, in oga ya ba da baya ya mayar.

Cikin masu bin hanyar akwai Mama Rita, tsohuwa 'yar Gbagyi mai kai wa leburori dafaffiyar doya da manja. A kafaɗa take ɗaukar ƙatuwar ƙwaryarta yadda mutanensu ke yi, don su a wajensu kai ya fi ƙarfin dako. Muryarta kamar ganga, tana cikin 'yan kaɗan da Nababa ke ji ba wahala. Kullum sai ta tsaya ta miƙa masa yanki ɗaya ta ce, "Yarona, ci, kai ya rame kamar sandan tuta."

Ranar da abin zai faru, cikin damina ne. Da safe rana ta fito, Hadijatu ta zare batiran ta shanya, shi kuma ya rataya sidinsa haka nan fayau ya tafi. Bayan azahar hadari ya sauko ya lulluɓe saman dutsen, ana yayyafi. Nababa ya ƙura ido, bai ga mai usur ba, bai ga komai ba sai fari. Zuciyarsa ta ce masa ya ɗaga tuta ya tare hanya kawai. Wata zuciyar ta ce, in aka tambaye ka dalili fa? Yana cikin wannan saƙe-saƙe Mama Rita ta iso, ta ba shi doyarsa, ta wuce.

A tafin ƙafarsa ya ji nakiyar. Ƙasa ta motsa, tsakuwa ta fara zuba kamar ƙanƙara. Ya hangi tsohuwar ta yi sama ta dawo. Ya yar da tuta ya sheƙa.

Wani ɓallin dutse ne ya daki ƙwaryar, ya tarwatsa ta, ya tsaga mata kafaɗa. Da ba don ƙwaryar ta tare ba, da a wuya zai same ta. Doya ta watse a cikin taɓo. Kafin a jima leburori sun cika wurin, Oga Godfrey ya ratso su ya fizgi jakar atamfar ya buga da ƙasa.

"Kiɗa!" yake ihu, jijiyar wuyansa a miƙe. "An busa usur har mai busa ya gaji, kai kana nan kana jin kiɗa! Ka tafi, kada in sake ganin ka!" Ya ɗauki tutar ya danƙa wa Saleh, wanda suka yi shekaru tare da Nababa a kan inji.

Duk wannan bai taɓa Nababa ba kamar maganar Mama Rita. Ana ɗaure mata kafaɗa da ɗankwali ta dube shi ta ce, "Yarona, kai ya gan ni, kai ya bar ni na wuce. Waƙa ya fi ni?"

Ya sunkuya ya ɗauki sidinsa da murfi a tsage, ya bi ta bayan gidaje ya koma.

Hadijatu ta riga ta ji labari, don a Mpape magana ta fi mai ita sauri. Ta ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Sai ta zagayo ta durƙusa a gabansa, ta buɗe tafin hannunta. Batira ne, a jiƙe.

"Maigida, waɗannan tun safe suna kan kwano har ruwa ya dake su. Da me ka ji kiɗan?"

Ya sunkuyar da kai. Ta taɓa gwiwarsa don ya dubi bakinta.

"Yaushe rabon da in kira ka daga madafa? Da ka ga kullum ina zagayowa gabanka, ka zaci kyanka nake zuwa kallo?"

"Kin sani?"

"Tun kafin ka sayo wannan abar. Na yi shiru ne don na ga shirun ka fi so. Yau kuwa na ga inda shiruna ya kai tsohuwar mutane."

"Hadijatu, za su ce mini kurma."

"Yanzu me suke ce maka?" Ta miƙe, har ta juya ta sake dawowa gabansa. "Wa aka ba tutar?"

Ya ce Saleh. Yana faɗa gabansa ya faɗi. Ya tuna hirar gindin mangwaro. Mutum biyu ne ke yin dariya a makare, shi da Saleh.

Washegari da hantsi ya hau tudu, jakar a hannu, kunnuwa a buɗe, yana jin kansa kamar wanda ya fito ba riga. A bakin hanya ya tarar da Oga Godfrey na yi wa Saleh bayani, Saleh na kallon leɓen oga yana ta gyaɗa kai. Ga leburori suna karyawa. Ga kuma Mama Rita a zaune da roba cike da doya, hannu a saƙale, wai ai kafaɗa biyu Allah ya ba ta.

"Me ya dawo da kai?" in ji oga.

Nababa ya durƙusa ya gaishe da tsohuwar, ta kau da kai. Ya miƙe ya ce, "Oga, don Allah ka koma bayana ka busa usur ɗin nan na wuyanka."

"Wasa ka zo yi da ni?"

"Ka dai busa."

Ya juya baya, ya fuskanci ramin dutse, ya tsaya. Ya jira, ya jira. Da shirun ya ishe shi sai ya waiwayo ya ce, "Ka busa?"

Usur na bakin oga, kumatunsa a kumbure. Na kusa duk sun toshe kunnuwa. Wani ya fashe da dariya, ya duba ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

"Jiya babu batir a cikin sidin nan, Mama," in ji Nababa, idonsa a ƙasa. "Ba waƙa ce ta fi ki ba. Ba na ji. Na daɗe ba na ji. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Oga Godfrey ya cire usur a hankali. Wannan karon bai yi ihu ba, ya matso dab da kunnensa. "Wato ka sani, ka tsaya a nan da ran mutane a hannunka. Nababa, wannan ya fi kiɗa muni."

"Haka ne, oga."

Mama Rita ta yafuto shi da lafiyayyen hannunta, ya matso, ta ja masa kunne har ya sunkuya. "Wannan abu ya mutu, kai ya rataya masa waya kamar ɗan kunne! Jiya ni ya yi kuka, ba don kafaɗa ba. Da kai ya faɗa mini, ai ni zai ji maka usur." Ta sake shi, ta tura masa yankin doya. "Ci. Kuma ƙwarya na, sabo nake so, babba."

Ana cikin haka Saleh ya tako ya miƙa wa oga tutar. Ya je kusa da Nababa ya tsaya, shi ma ya juya baya.

Daga ƙarshe tuta ta koma hannun wani sabon lebura da bai taɓa riƙe inji ba, Oga Godfrey kuma ya sa duk mai aikin inji ya riƙa toshe kunne da auduga. Saleh ya koma lodin tifa. Mama Rita ta warke da tabo, ta samu sabuwar ƙwarya, ta ce ba ta kai tsohuwar ba. Nababa bai koma dutse ba. Shi da Hadijatu suka ƙaura Kubwa, yana yi wa ma'aikatan gwamnati wanki da guga, ita ke karɓar kaya tana magana da masu su. Kurma mai guga ake ce masa, yara kan yi masa gwalo wani lokaci, yakan gan su a gilashin taga ya ci gaba da aikinsa. Na'urar sidin na nan a gefen teburin guga, an ɗaure murfinta da roba, kuma ba ya sa iyafis sai in da batir a ciki.